Tarihin Dokar Hannu Ɗaya A Kan Allon Kwamfuta

Rubutun wannan makon daga Bunkure yake zuwa, kuma tarihi ne, sai dai babu sarki ko yaƙi a cikinsa. Tarihin wata doka ce da duk mai rubuta manhajar kwamfuta yake cin karo da ita, galibi bayan ta riga ta mare shi. Ni dai ta mare ni ne a shagon kawuna, ana tsakiyar kakar shinkafa.

Kawu yana sayen shanshera a hannun manoma, yana kuma ba su takin zamani bashi, idan sun yi girbi su biya da buhu. Shekara da shekaru a littafi yake rubuta komai. Da na fara koyon rubuta manhaja sai ɗoki ya ɗebe ni, na haɗa masa wata 'yar ƙarama a tsohuwar kwamfutar teburin da ke shagon: sunan manomi, takin da ya karɓa, buhunan da ya kawo. Na sa wani maɓalli na rubuta masa "Tara lissafi". Da farko lafiya lau. Amma da sunaye suka yi yawa, in aka danna shi sai allon ya yi fari fat, a samansa a rubuta Not Responding, ka danna nan shiru, ka danna can shiru. Wata ranar yaron shago ya ga haka, ya ɗauka abin ya mutu, ya kashe kwamfutar daga soket. Duk abin da aka shigar tun safe ya tafi, har da buhu 11 na wani dattijo. Bayan mako guda dattijon ya zo karɓar cikon kuɗinsa, kwamfuta ta ce bai kawo komai ba. Kawu ya biya shi a kan maganarsa, sannan ya juyo ya dube ni.

"Kai ɗan nan, wannan abin naka suma yake yi ko barci?"

Na ce, "Kawu, aiki yake yi."

Ya ce, "Wane irin ma'aikaci ne za a yi masa sallama ya ƙi amsawa don yana aiki?"

Gaskiya ce tsagwaronta, kuma tambayar da injiniyoyi suka shafe shekaru fiye da 30 suna kokawa da ita ke nan.

Bari in fara da kalma ɗaya da za mu yi ta amfani da ita. Manhaja jerin umarni ce da kwamfuta take bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan bin umarnin a jere shi ake kira zare, kamar zaren da ake zura duwatsun carbi a jikinsa. Manhajar da take da zare ɗaya tamkar shago ne mai ma'aikaci ɗaya: in ya shiga sito yana ƙirga buhuna, babu kowa a kanta.

A zamanin farko wannan bai dami kowa ba, domin manhaja ce ke jan ragama. Ita za ta yi tambaya, mutum ya rubuta amsa, ta tafi ta yi aikinta, shi kuma ya jira. Abin ya sauya ne a 1973, lokacin da cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka ta ƙera kwamfutar Alto, mai tagogi a kan allo da linzamin da ake nuni da shi. Daga nan ragama ta koma hannun mutum. Yana iya danna ko'ina a kowane lokaci, kuma yana sa ran a amsa masa nan take. Kamfanin Apple ya kawo wannan salon kasuwa sosai da Macintosh a 1984, Microsoft ya biyo baya da Windows a 1985.

Dabarar da dukansu suka bi ita ce layi. Duk abin da mutum ya yi, ko danna maɓalli ne ko motsa linzami ko jan taga, sai a mayar da shi ɗan saƙo a jefa a layi. Manhaja kuma tana da wani zagaye da ba ya ƙarewa: ɗauki saƙon da ke gaba, biya masa buƙata, dawo ka ɗauki na bayansa. Hatta sake zana tagar da wata ta rufe, saƙo ne da yake bin wannan layin. Shi ya sa allon Kawu yake yin fari. An aiko wa manhajata saƙon ta sake zana fuskarta, amma ma'aikacin yana sito. Windows ta yanzu in ta ga taga ta yi daƙiƙa 5 ba ta waiwayi layinta ba, sai ta liƙa mata wancan rubutun da yaron shago ya gani.

A Windows ta farko har zuwa ta 3.1 da ta fito a 1992, lamarin ya fi haka muni. Manhajoji duka karɓa-karɓa suke yi bisa amana. Wadda take aiki ita ce za ta ga dama ta saki, sannan wata ta samu. In ɗaya ta riƙe, kwamfutar gaba ɗaya ta tsaya, sai dai ka zuba wa ɗan hoton agogon yashi ido. Masu Macintosh kuma agogon hannu ake nuna musu. Masu rubuta manhaja na lokacin sun ƙirƙiro wata dabara, wato su yanka dogon aiki gunduwa-gunduwa, bayan kowace gunduwa su leƙa layi. Masu amfani da Visual Basic sun san ta da sunan DoEvents. Tana aiki, amma tana da tarko: kana tsakiyar tara lissafi ka leƙa layi, sai ka tarar mutum ya gaji da jira ya sake danna "Tara lissafi". Ga aiki na biyu ya fara a cikin cikin na farko.

Sauƙi ya zo wa masu Windows da fitowar Windows NT a 1993 da Windows 95 bayan shekara biyu. Yanzu manhaja ɗaya tana iya samun zare da yawa, kwamfuta ce da kanta take raba musu lokaci. Sai a bar zare ɗaya a kanta yana amsa sallama, a tura wani sito. Na farkon mu kira shi zaren allo, na biyun zaren bayan fage.

Abin da na yi ke nan bayan maganar buhu 11. Na mayar da tara lissafi bayan fage, allo ya daina fari, na ji kamar na ci sarauta. To amma shi na bayan fagen in ya gama, ta yaya sakamakon zai hau allo? Ni dai ban tsaya dogon tunani ba, na sa shi ya miƙa hannu ya rubuta a jadawalin da ke allon kai tsaye. Manhajar gwaji ma ta yi mini gargaɗi, na nemo yadda ake kashe gargaɗin na kashe. A kwamfutata komai daidai. A ta Kawu ma sau tara cikin goma daidai. A na goman sai sahun wani manomi ya fito sau biyu, ko manhajar ta rufe kanta babu ko sallama. Ka sake gwadawa don ka kama ɓarawon, ya ƙi fitowa.

Bahaushe ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A wannan tukunyar kam hannu na biyu shi yake ɓata ta, kuma an san haka tun kafin a yi tagogi. A 1965 wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa bayanin matsalar ayyuka biyu da suke taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya. Misalinta mai sauƙi ne. A ce an rubuta buhu 40. Zare na farko ya karanta 40 zai ƙara 5. Kafin ya rubuta, na biyu shi ma ya karanta 40 zai ƙara 3. Na farko ya rubuta 45, na biyu ya zo ya rubuta 43 a kai. Buhu 48 ne a sito, littafi ya ce 43, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Rige-rige ne kawai, wanda ya riga da wanda ya makara, kuma tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Shi ya sa irin wannan aibin yake ɓuya a lokacin gwaji.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar 'yan kasuwa ce kawai. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gasa cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfanin gwamnatin Kanada, ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a lokuta shida da aka tabbatar. Biyu daga ciki sun faru ne a garin Tyler na jihar Texas, a watan Maris da Afrilu na 1986. Na'urar tana da salon aiki iri biyu, ana zaɓar ɗaya da harafin X, ɗayan da harafin E. Ma'aikaciyar ƙwararriya ce, hannunta yana da sauri. Ta danna X bisa kuskure, ta koma ta gyara zuwa E. Amma sashen manhajar da yake saita maganaɗisun na'urar yana ɗaukar kusan daƙiƙa 8, kuma in aka yi gyara a cikin wannan tsakanin ba ya lura. Allo ya nuna an gyara, cikin na'urar kuma bai bi gyaran duka ba, sai ta saki haske mai ƙarfin da ba a yi shi don ya taɓa jikin mutum kai tsaye ba. Abin da allon ya rubuta kawai shi ne Malfunction 54. Marasa lafiyar biyu duk sun rasu. Masanin kimiyyar asibitin bai iya maimaita aibin ba sai da shi da ma'aikaciyar suka yi ta gwada bugawa da irin saurinta. Nancy Leveson da Clark Turner ne suka fitar da cikakken binciken a 1993. Therac-25 ba manhajar tebur ba ce mai tagogi, kada in yi muku ƙari. Amma cutar dangi ɗaya ce da tawa: abin da allo yake faɗa daban, abin da ake yi a bayan fage daban.

Maganin da Dijkstra ya kawo, a taƙaice, kwaɗo ne. Duk zaren da zai taɓa abin da ake tarayya a kansa sai ya kulle, in ya gama ya buɗe wa na baya. Don haka da aka zo zamanin tagogi da zare da yawa, tunanin da ya fi zama a hankali shi ne a sa wa kowane maɓalli da kowane jadawali kwaɗonsa, kowane zare ya taɓa abin da yake so. Mutane masu kaifin basira sun gwada. Kamfanin Sun, da ya fitar da yaren Java a 1995, ya fara da wannan burin a kayan zana tagoginsa na farko, AWT. Nan aka ci karo da cuta ta biyu, wadda ni nake kira cirko-cirko.

Ga yadda take. Idan mutum ya danna linzami, saƙon daga ƙasa yake tasowa: daga na'ura zuwa taga, daga taga zuwa maɓalli, daga maɓalli zuwa lissafin manhaja. Idan kuma manhaja ce take son sauya abin da ke allo, daga sama take gangarowa: daga lissafi zuwa maɓalli zuwa taga. Mai hawa ya kulle taga yana neman kwaɗon maɓalli. Mai gangarowa ya kulle maɓalli yana neman kwaɗon taga. Kowa yana riƙe da abin da ɗan uwansa yake jira, babu mai saki. Duk wanda ya taɓa ganin motar tumatir da tarakta sun haɗu a kan siririyar hanyar gefen kanal, kowa yana jiran ɗayan ya ja da baya, ya san hoton. Bambancin kawai, direbobi in sun gaji da zage-zage wani zai haƙura. Zare ba ya gajiya.

Da Sun ya zo yin sabbin kayan tagogi, Swing, waɗanda suka shiga cikin Java a ƙarshen 1998, sai ya sauke wancan burin. Ya kafa doka ƙarara: zare ɗaya tak ne zai taɓa abin da ke allo. A 2004 ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin kamfanin, Graham Hamilton, ya rubuta wata maƙala da ta yi suna, inda ya tambaya ko kayan tagogi masu zare da yawa mafarki ne da ya gaza, ya kuma bayyana wannan karon na mai hawa da mai gangarowa. Hujjarsa da ta fi kama ni ita ce, ba wai abin ba ya yiwuwa sam ba ne. Yana yiwuwa in waɗanda suka ƙera kayan ne da kansu suke amfani da su cikin tsananin taka-tsantsan. Amma kayan da za a miƙa wa dubban masu rubuta manhaja, irina a ciki, dole dokarsu ta zama wadda mutum zai iya riƙewa a ka. Windows dama tuni ta tsaya a kan cewa taga mallakin zaren da ya ƙirƙire ta ce. Apple ma zare ɗaya ya ware wa allo. Kamfanonin da ba sa ga-maciji da juna, kowa ya bi hanyarsa, suka ɓulla wuri ɗaya.

To in na bayan fage ba zai taɓa allo ba, yaya zai yi? Amsar tana nan tun 1984 a gaban kowa: layi. Ya naɗe abin da yake so a yi a cikin saƙo, ya jefa a layin zaren allo, a bayan danne-dannen mutum. In layi ya zo kansa, zaren allo ne zai aiwatar da hannunsa. A Java sunan wannan aiken invokeLater, a Windows PostMessage, a tsarin .NET da Microsoft ya fitar a 2002 BeginInvoke, a wayoyin Android runOnUiThread. Suna ne ya bambanta.

Mu mutanen wannan yankin bai kamata tsarin ya zame mana baƙo ba. Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma tun 1976 akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da take kula da shi. Daga babban kanal ruwa yake rabuwa zuwa ƙanana har ya isa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Manomi yana da iko da abin da ke cikin gonarsa, ya yi kunya yadda yake so, ya jawo ruwa da bututunsa. Amma ƙofar babban kanal ba tasa ba ce. Akwai wanda aikinsa ne ya buɗe ya rufe, kai naka ka kai buƙata. Kowa ya san abin da yake faruwa ranar da wasu suka ga ba za su iya jira ba, suka je da dare suka murɗa ƙofar da kansu: gonar wani ta cika ta tumbatsa, na ƙarshen kanal kuma albasarsa ta bushe. Wani abin dariya, kamfanin injiniyoyin da ya yi aikin tsara wannan shirin na Kogin Kano, NEDECO, shi ma na ƙasar Holan ne, ƙasar su Dijkstra. Ban ce akwai alaƙa ba, mutanen da suka saba tare teku ne kawai na ga sun damu da wa zai buɗe ƙofa.

Misalin yana da iyaka, kuma gara in faɗa da kaina. Mai buɗe ruwa mutum ne, ana iya yi masa magiya ko a sa shi ya fifita wani. Zaren allo bai san alfarma ba. Kuma raunin tsarin a nan yake: tunda shi kaɗai ne, duk abin da ka ɗora masa kowa ne zai jira. Allon da yake sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa bai ba shi fiye da kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ba a kowane zagaye. Don haka saƙon da za ka aika masa ya zama ƙarami: ga lamba, rubuta ta. Ƙirgan kansa a gama shi a sito.

Saura marin da na sha na uku, wanda shi ne ya fi koya mini. Aiken iri biyu ne. Akwai wanda za ka jefa saƙo ka juya ka ci gaba da aikinka. Akwai kuma wanda za ka tsaya sai an aiwatar an ba ka amsa, shi ne SendMessage a Windows, invokeAndWait a Java, Invoke a .NET. Ni na biyun na zaɓa, don na ga kamar ya fi tabbas. Sannan na sa wata ƙa'ida mai kyau a ganina: in aka danna rufe manhaja, zaren allo ya jira na bayan fage ya gama, kada a sake asarar bayanai irin ta buhu 11. Ranar da Kawu ya zo rufe shago da magariba ana tsakiyar tara lissafi, zaren allo ya tsaya jiran na baya, na baya kuma ya aiko saƙo ya tsaya jiran zaren allo. Cirko-cirkon da Sun ya gudu tun 1998, ni na ƙera shi da hannuna a Bunkure, ba tare da kwaɗo ko ɗaya ba. Kawu ya kira ni a waya ya ce, "Ma'aikacin naka ya sake suma."

Abin da ya biyo baya a tarihin, galibinsa ƙoƙarin kare mutane irina ne daga kansu. A 2005 Microsoft ya sa .NET ta riƙa tsayar da manhaja a lokacin gwaji da zarar wani zare ya taɓa tagar da ba tasa ba, wato gargaɗin nan da na kashe. Android, wadda ta fito a 2008, tana nuna wa mai waya akwatin tambaya ko a rufe manhaja in ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawarsa ba, kuma daga fitowar 3.0 a 2011 ta hana a nemi wani abu a intanet ta kan zaren allo. A 2012 yaren C# ya zo da kalmomi biyu, async da await. Da su mai rubutu yake jera umarninsa kamar aiki ɗaya miƙaƙƙe, yaren kuma ya yanka shi a ɓoye: ya saki zaren allo a wurin jira, in sakamako ya iso ya jefa ragowar aikin a layi. Wasu yarukan da dama sun ɗauki salon. Matashin da ya fara koyo yau yana iya shekara bai ga layin da idonsa ba, alhali duk abin da ya rubuta ta cikinsa yake bi. Ni a ganina wannan ci gaba ne mai ɗan haɗari, domin ranar da allo ya daskare masa ba zai san inda zai fara dubawa ba.

Manhajar Kawu na gyara ta a dare ɗaya. Na mayar da aiken ya zama na jefa-ka-wuce. Wajen rufewa kuma, maimakon zaren allo ya tsaya jira, sai ya ɗaga wa na baya tuta cewa ya tattara, ya ci gaba da amsa saƙonni har na bayan ya aiko cewa ya ajiye komai, sannan taga ta rufe. Na kuma sa duk buhun da aka shigar a adana shi nan take, ba sai yamma ba. Da safe muka gwada sai allon ya riƙa tafiya da ƙyar kamar mai ɗingishi. Ashe na sa zaren baya yana aiko da rahoton inda ya kai bayan kowane sahu ɗaya, saƙonni dubbai sun cika layin, dannawar yaron shago tana can ƙarshe tana jira. Na mayar da shi sai bayan kowane sahu 100. Kawu ya danna "Tara lissafi", ya ga lamba tana hawa a ƙasan allo, ya buɗe sunan wani manomi a daidai lokacin ya ga ya buɗu. Bai ce komai ba, ya jawo tsohon littafinsa daga aljihun tebur ya fara gwada jimillar da tasa.